Kandamin gansakuka ko matatar mambiren: wanne ya dace da ruwan ƙazantar unguwannin Abuja?

Duk mai gina rukunin gidaje a Lugbe, Kuje, Lokogoma ko bayan Kubwa, akwai tambayar da ba ta shiga takardar talla, amma ita ke fara damun mazauna da zarar an shekara biyu ko uku: ruwan banɗaki da na wanke-wanke ina za shi? A tsakiyar birni an daɗe da amsa wannan. Maitama, Asokoro, Wuse da Garki an shimfiɗa musu bututun ƙazanta tun ana gina su, ruwan yana gangarawa zuwa matatar Wupa da ke yankin Idu, wadda hukumar kare muhalli ta Abuja, AEPB, ke kula da ita, aka kuma tsara ta don ɗaukar ƙazantar mutum 700,000. Sai dai yawancin masu kwana a Abuja ba a waɗannan unguwanni suke kwana ba. Nasu sokawe ne, in ya cika a kira mota ta zuƙe, kuma ba kowane direba ke kai kayan inda ya kamata ba. A fuloti da yawa za ka tarar sokawe da rijiyar burtsatse suna maƙwabtaka, taku kaɗan ne tsakaninsu. Wanda ya tuna annobar kwalara ta 2021, wadda aka ƙiyasta ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 3,000, ya san wannan maƙwabtaka ba abin wasa ba ce.

Shi ya sa masu gine-gine, kwamitocin unguwa da injiniyoyin ƙananan hukumomi suka fara tunanin ƙaramar matata ta kansu. Hanyoyi biyu ne ake yawan kawo musu da sunan zamani. Ɗaya kandami ne da ake kiwon ƙananan gansakuka a cikinsa, ɗaya kuma matatar mambiren ce, wato tanki mai matatai na roba masu ƙananan ido, wadda 'yan kwangila ke kira MBR. Kafin a duba ko wanne, a fara tambayar hukuma ko babban bututun da ke zuwa Wupa ya ratsa kusa. In ya ratsa, a haɗa da shi a huta, babu ƙaramar matatar da za ta fi wannan sauƙi. Sauran maganar ta waɗanda bututun bai kai gare su ba ce.

Don lissafi ya zauna wuri ɗaya, mu ɗauki unguwa mai mutum 5,000, mu ce kowa yana zubar da lita 100 a rana. Lita 500,000 ke nan kullum, tanka hamsin masu cin lita 10,000, babu Asabar babu Lahadi.

Gansakukar da ake magana ba kainuwa ba ce, ba kuma silalliyar da ke manne a bakin randa ba. Ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani ɗai-ɗai, irin su Chlorella da Scenedesmus, suna yawo a cikin ruwa suna mai da shi kore. Ba sai an sayo iri daga ko'ina ba, in an tanadi wurin da kansu suke tsirowa. William Oswald na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ne ya daidaita wannan hanya a shekarun 1950, kuma dabarar tana da kyau ƙwarai. Bakteriyar da ke cinye ƙazanta tana buƙatar iskar oksijin, a matata irin ta Wupa injina ne ke cusa mata wannan iska, kuma nan ne mafi yawan kuɗin wuta ke tafiya. A kandami kuwa gansakuka ce ke samar da oksijin daga hasken rana, bakteriya ta shaƙa ta narkar da ƙazantar, ta fitar da iskar kabon, gansakuka ta karɓe ta haɗa da naitirojin da fosfaras na cikin fitsari da bayan gida ta ƙara girma. Rana ce ke biyan kuɗin iska.

Kandamin ba rami ba ne. Zurfinsa santimita 30 ne ko kusa da haka, domin haske ba ya ratsa koren ruwa da nisa. An gina shi zagaye kamar filin tsere da katanga a tsakiya, wani wili mai filafilai yana juyawa a hankali yana tura ruwan ya yi ta kewayawa. In ka tsaya a bakinsa da azahar za ka ga ruwan ya yi kore shar kamar miyar kuka tsinkakkiya, ƙananan kumfa na tasowa, kuma ba ya wari in yana cikin ƙoshin lafiya. A wannan lokaci ruwan ya cika da oksijin, ma'aunin pH, mai nuna tsami ko kanwa-kanwar ruwa, yakan haura 9, wani lokaci har 10, wannan da zafin rana su ke kashe ƙwayoyin cuta da dama. Da asuba lamarin ya juya, oksijin ya yi ƙasa don gansakukar ma tana shaƙa da dare. Duk wanda zai gwada maka ingancin kandami, ka ce ya ɗebi ruwan da sassafe, kada ya tsaya ga na rana kawai.

Abin da wannan hanya ke ci shi ne ƙasa. Ruwan yana buƙatar ya zauna kwana huɗu zuwa takwas. In mun ɗauki kwana shida, lita miliyan 3 za ta kwanta a zurfin santimita 30, wato fili mai faɗin hekta ɗaya, fuloti 21 na ƙafa 50 da 100. Wannan kandamin kaɗai ke nan. Kafinsa sai an yi ragar tare shara, da wurin da yashi zai kwanta, da tankin da ɗanyen guiɓi zai zauna ya ruɓe, don ba a zuba wa gansakuka ɗanyen bayan gida kai tsaye. Bayansa kuma akwai wurin raba gansakukar da ruwa. Wanda ya ware hekta ɗaya da rabi zuwa biyu bai yi ɓarna ba. A Kwali ko Abaji wannan magana ce da za a iya zama a yi. A Gwarinpa ko Jahi kuwa, mai fili zai lissafa gidaje nawa zai gina a fuloti talatin ya yi maka dariya.

Matatar mambiren ita ce kishiyar wannan. Tanki ne mai zurfi da aka cika da bakteriya, inji na hura masa iska dare da rana, sannan a cikinsa an nutsar da matatai na roba, ko dai faifai-faifai ko siraran zaruruwa masu rami a ciki. Famfo yana zuƙo ruwa ta jikinsu. Idon matatar bai wuce maikuron 0.4 ba, wasu har 0.04, shi kuwa maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Bakteriyar E. coli ta kai maikuron ɗaya zuwa biyu, ƙwan tsutsar ciki ya ninka haka sau da yawa, saboda haka babu mai wucewa. Ruwan da ke fitowa garau yake. An fara haɗa irin wannan matata da tankin bakteriya a Amurka a ƙarshen shekarun 1960, amma ba ta yaɗu ba sai da Kazuo Yamamoto na Japan ya nuna a 1989 cewa ana iya nutsar da ita cikin tankin kansa, kamfanoni irin su Kubota da Zenon suka ɗauka suka kai kasuwa. Da yake bakteriya ba ta da hanyar fita, ana iya tara ta ninki biyu ko uku na matatar gargajiya, shi ya sa tankin ke ƙanƙancewa. Unguwarmu ta mutum 5,000 fuloti ɗaya ya ishe ta, ana ma iya binne yawancin ginin a yi wurin ajiye motoci a sama.

Ƙasar da aka rage, a wuta ake biyan ta. Manyan matatun mambiren na cin rabin kilowat-awa zuwa ɗaya kan kowace lita 1,000, ƙanana sukan ci fiye da haka. Mu yi wa tamu adalci mu ce ɗaya: kilowat-awa 500 a rana. Lokacin da NERC, hukumar kula da wutar lantarki, ta ƙara kuɗin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowace kilowat-awa a Afrilun 2024, wannan ya kama naira 112,500 kullum, sama da miliyan 3 a wata. In janareto ne, lita ɗaya ta dizal takan ba da kilowat-awa uku ko kusa da haka, kenan lita 160 da wani abu a rana in wuta ba ta zo ba sam. Wilin kandami kuwa ƙaramin inji ne ke juya shi, abin da yake ci bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wancan ba, faifan sola kaɗan sun riƙe shi.

Amma ni ba ma kuɗin wutar ne ya fi tsaya mini ba, yadda kowannensu ke lalacewa ne. Matata ba a auna ta da ranar da aka yanke kyalle, a kan auna ta da makon da taransifoma ta ƙone, ma'ajin kwamiti ya yi tafiya, dizal ya ƙare. A irin wannan mako wilin kandami zai tsaya, gansakuka ta fara kwantawa, ingancin ruwa ya ragu, amma rana tana nan, kandamin ya koma tafkin tace ruwa na gargajiya, irin waɗanda birnin Nairobi ke amfani da su a Dandora shekara da shekaru. Wuta ta dawo, cikin 'yan kwanaki ya farfaɗo. Matatar mambiren ba ta da wannan haƙuri. Injin iska ya tsaya, cikin sa'o'i oksijin ya ƙare a tanki mai cunkushe da bakteriya, guiɓi ya yi baƙi ya fara wari, ya manne a fuskar matatai. Famfo ya tsaya, babu ɗigon da zai fita, alhali mutane ba su daina shiga banɗaki ba. Abin da ke biyo baya kowa ya sani: wani zai buɗe bututun ratse da dare, ɗanyen ruwa ya bi lambatu zuwa rafi. In kuma aka yi sake matatan suka bushe, suna iya lalacewa gaba ɗaya.

Ko da wuta ba ta yankewa, mambiren yana toshewa, wannan ɗabi'arsa ce. Kusan rabin iskar da ake hurawa ba don bakteriya ba ce, don kumfa ya riƙa goge fuskar matatar ne. Duk 'yan mintuna famfo yakan dakata ko ya tura ruwa baya, lokaci-lokaci a wanke da bilic, a kuma wanke da ruwan tsami na sitirik don cire gishirin da ya daskare. Kafin ruwa ya isa gare shi dole ya bi raga mai ido milimita ɗaya zuwa uku. Wanda ya taɓa ganin an ɗago rukunin zaruruwa daga tankin da ragarsa ta yage ya san dalili: gashin kanti, zaren tsumma, tsinken goge kunne da gutsuren leda sun nannaɗe su sun zama dunƙule guda, sai ma'aikaci ya sa safar hannu ya yi ta tsefewa ɗaya bayan ɗaya, yana tsoron kada ya tsinka. Man girki da ake zubawa a wurin wanke-wanke shi ma abokin gaba ne. Bayan shekara bakwai zuwa goma, in an kula da kyau, sai an canja matatan dukansu. Ga unguwarmu wajen murabba'in mita 1,000 ne, daga waje ake kawo su, da dala ake biya. Kwamitin da bai fara tara wannan kuɗi tun watan farko ba, zai gane cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada wannan ya sa a ɗauka kandami ba shi da nasa ciwon kai. Babbar matsalarsa ita ce, bayan gansakuka ta shanye naitirojin da fosfaras, suna nan a jikinta, ita kuma tana nan cikin ruwan. In ka sake shi haka zuwa rafi, ƙazantar ka canja wa kama kawai, can za ta mutu ta ruɓe ta shanye iskar da kifi ke buƙata. Dole a cire ta, kuma cirewar da wuya, domin a lita guda ba ta cika kai rabin giram ba, ƙwayoyin ƙanana ne, nauyinsu kusan ɗaya da na ruwa, ba sa son kwantawa. Ana taimaka musu da alam ko wani sinadarin dunƙulewa, ko a gina tankin kwantarwa mai zurfi, amma ko an yi, ruwan yakan fita da ɗan kore-kore. Akwai kuma ƙananan halittun ruwa masu kiwo a kanta, in suka yi yawa sai ka wayi gari kandamin da ke kore jiya ya koma ruwan toka cikin kwana biyu ko uku. Hadarin Agusta da ƙurar hunturu duk suna rage haske, saboda haka da waɗannan watanni ake auna girman kandami, ba da zafin Maris ba. Mutanen Jos su ƙara faɗi a kan lissafin Abuja, don garin yana tudu mai tsayin mita 1,200 ko sama, sanyin Disamba da Janairu yana rage girman gansakuka sosai. Kuma kada kowa ya yi sha'awar mai da tsofaffin tafkunan kuza matata, sun yi zurfi, suna kuma haɗe da ruwan ƙasa.

Sauro shi ne abin da maƙwabta za su fara tambaya. Ruwa mai tafiya ba ya yi masa daɗin ƙwai, hatsarin yana gefen da aka bar ciyawa ta tsiro, da ranakun da wili ya tsaya. Wari kuma daga tankin farko yake fitowa, a rufe shi, in an so ma a tara iskar gas ɗin a yi girki da ita. A daɓe ƙasan kandamin da yumɓu ko a shimfiɗa leda mai kauri don kada ya tsiyaye cikin rijiyoyi, a kuma kewaye shi da waya saboda yara.

Wani lokaci mai kawo tsarin zai ƙara da cewa za a sayar da gansakukar a yi man mota, matatar ta riƙa ciyar da kanta. A saurare shi da kunne ɗaya. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta kashe shekaru daga 1978 zuwa 1996 tana binciken mai daga gansakuka, ta rufe shirin ba tare da ya iya gogayya da farashin fetur ba. A garin Chiclana na ƙasar Sifen an yi nasarar sarrafa gansakukar ruwan ƙazanta ta zama gas ɗin mota, amma babban kamfani ne da tallafin Tarayyar Turai a bayansa. Abin da unguwa za ta iya samu a zahiri shi ne taki, in an shanya an bar shi ya ruɓe sosai. Ba zan ba kaji ko kifi abin da ya tsiro a ruwan masai ba sai an gwada shi a ɗakin bincike.

To ruwan da ya fito, me za a yi da shi? Nan ne zaɓin ke rabuwa da gaske. In lambu za a shayar, ko bishiyoyi, ko a bai wa masu noman rani na bakin rafi, ruwan kandami ya wadatar in an ƙara masa tafkin ƙarshe ya ƙara kwanaki. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989 don ban-ruwan kayan lambun da ake ci ɗanye ita ce kada bakteriyar bayan gida ta wuce 1,000 a mililita 100, ƙwan tsutsa kuma kada ya wuce ɗaya a lita, jerin tafkuna masu kyau suna cim ma wannan. Ɗan koren da ya rage ma taki ne ga shuka, illa dai yana toshe siraran bututun ban-ruwa na ɗigo. In kuwa ruwan zai koma cikin gini, a kora masai da shi, a wanke mota ko daɓe, sai na mambiren, tare da ɗan kulorin a ƙarshe, don wasu ƙwayoyin bairos sun fi idon matatar ƙanƙanta. A lura kuma, mambiren ba ya tare abin da ya narke. Naitirojin sai an ƙara wani tanki marar iska, fosfaras sai an zuba sinadari, in ba haka ba ruwa ne garau amma cike da taki. Babu ɗaya cikin biyun da ke ba da ruwan sha. Birnin Windhoek na Namibiya yana mai da ruwan ƙazanta na sha tun 1968, Singafo ma tana yi, amma da matakai da yawa bayan wannan. Masu tambaya ta fuskar tsarki kuma, majalisar manyan malaman Saudiyya ta yi fatawa a 1978 cewa ruwan da aka tace har launi da ɗanɗano da warin najasa suka gushe ya koma mai tsarki, ko da yake wannan ba ya nufin likita ya yarda a sha.

Akwai masu cewa a haɗa biyun, kuma suna da hujja: raunin kandami shi ne raba gansakuka da ruwa, aikin mambiren kuwa rabawa ne. Haɗin iri biyu ne, kuma bambancinsu babba ne. Na farko shi ne a nutsar da matatar cikin tankin gansakukar kanta. Wannan har yanzu ya fi yawa a ɗakunan bincike da ƙananan gwaje-gwaje, gansakuka tana fitar da wani yauƙi mai saurin toshe matata, ban ga dalilin da zai sa kuɗin mazauna unguwa ya zama na gwaji ba. Na biyu shi ne kandami ya gama aikinsa, a kwantar da yawancin gansakukar, sannan a ɗebi kason da ake son mayarwa gidaje kawai, ko kashi ɗaya cikin biyar ne, a bi da shi ta ƙaramar matatar mambiren. Wannan ya fi kwanta mini. Matatar ba ta ɗauke da rayuwar bakteriya, saboda haka ana iya kunna ta da rana a kan sola a kashe da dare, in ta lalace kuma ba abin da zai malala, ruwan korar masai ne kawai zai yanke har a gyara. Sai dai haɗin bai rage ko taku ɗaya na filin da kandami ke buƙata ba.

Saboda haka otal, asibiti, ko dogon bene a Wuye ko Katampe da babban bututu bai iso ba, wanda dama janaretonsa ba ya mutuwa, yana da ma'aikacin injina na dindindin, kuma sayen ruwan tanka yake yi, mambiren ya dace da shi. A sa masa tankin tara ruwa a gaba, don matatar tana da iyakar abin da take zuƙa a awa, ranar da ruwan sama ya kutsa bututu ba za ta ƙara sauri ba. A kuma rubuta cikin kwangila wa zai kawo kayan gyara, cikin kwana nawa. Makarantar kwana, bariki, jami'a, ko sabuwar unguwa a Kuje, Gwagwalada da Bwari inda fili bai gagara ba tukuna, kandami ne nasu, kuma yanzu ne lokacin ware filin a cikin taswira, a gangare, nesa kaɗan da gidaje, kafin a yanka shi fuloti.

Masu wahalar zaɓi su ne na tsakiya, rukunin gidaje ɗari biyu ko uku da aka riga aka cike ko'ina da gini, kuɗin hidima kuma rabin mazauna ne ke biya. Kandami ba shi da wurin zama, mambiren ba shi da mai ciyar da shi. Ga irin waɗannan gara babban tankin ruɓarwa mai ɗakuna a jere, ruwan ya fita ya bi ta fadamar tsakuwa da aka shuka wa ciyawa, a kuma ɗauki motar kwasa mai rajista wadda za a san inda take juyewa. Ruwan ba zai yi kyan na mambiren ba, amma ba ya neman wuta. Kuma ko wanne aka zaɓa, sai an fara shimfiɗa bututun da zai tattaro ruwan daga gida-gida, an raba shi da na ruwan sama, wanda sau da yawa kuɗinsa ya fi na matatar kanta. A nemi ɗan kwangila ya kawo farashin wannan a takarda ɗaya da na matatar, tare da kuɗin tafiyar da ita na shekara goma.